Takun Tsohon Yumɓu

Ka ce ka gaji, wai kullum yi kake amma ba ka ganin gaba. To gyara zama ka ji.

An yi wani manomi, irin tsofaffin nan da ko zakara ba ya riga su tashi. Rana ɗaya ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa, amma fa sai ya riƙa motsa ta safe da yamma, in kuwa aka bar ta 'yan watanni ta sandare, sai dai haƙuri. Tsoho ya gwada kwana uku. Duk nishin da zai yi, ƙafar ba ta jan abin da ya wuce faɗin yatsa. Sai ya yi zuciya, ya ce shi da ya noma gandu da hannu ɗaya ba za a mai da shi abin kallo ba. Ya sa aka jefar da sandarsa bayan rumbu, ya juya fuska bango. Matarsa, maginiyar tukwane ce, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma tana kuka a ɓoye. Ina! Taurin kan tsohon nan ya fi ciwon ƙarfi.

Ana haka sai babbar 'yarsu ta zo daga birni. Sana'arta haɗa fim da 'yan tsana, irin wanda ake zama a kalla daga kaka har jika. Ta roƙi uwarta ta gina mata mutanen yumɓu masu tsawon taƙi, da siririn ƙarfe a ciki don gaɓoɓi su lanƙwasu. Sannan ta ce ɗakin Baba take so, don shi kaɗai ne ba shi da taga: in rana ta gusa da inuwa tsakanin hoto da hoto, aiki ya ɓaci. Ta kafa kamara, ta kunna fitila da rana tsaka, ta shirya ɗan ƙauyenta a kan faifai da tabarma. Tsoho yana kwance, ko ya so ko bai so ba, sai ya gani. Za ta tura ƙafar ɗan tsana kwatankwacin ƙwayar shinkafa, ta janye hannu, ta ɗauki hoto. Ta sake turawa, ta sake ɗauka. Hoto goma sha biyu kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya! In yumɓu ya fara bushewa uwar ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, in ya tsage ta shafe da yatsa. Tsoho ya yi ta zolaya, wai ashe karatun birni a wasan ƙasa ya ƙare, wai yini guda ana fama amma mutumin nata ko ƙofar gida bai kai ba. Wata rana kaza ta faɗo ɗakin ta ture komai, aikin kwana biyu ya tafi. Tsoho ya zuba ido ya ga ko 'yar za ta yi zuciya irin tasa. Ta kori kazar, ta tsugunna, ta tayar da mutanenta ɗaya bayan ɗaya, ta faro daga farko. Ranar dai bai yi zolaya ba, don abin ya burge shi.

Bayan mako bakwai aka tara gida a rumfa, aka jingina tsoho da matashi, 'yar ta kunna fim ɗin. Sai ga ɗan tsohon yumɓu ya fito daga zaure, fartanya a kafaɗa, yana tafiya da ɗan rangajin nan, ya tsaya ya gaida maƙwabci, ya sosa ƙeya, ya miƙi hanyar gona. Har sawun yatsan maginiya kana gani a kumatunsa. Jikoki suka kwashe da dariya suna nuna kakansu, matan gida suna share ido da bakin zane. Shi kuwa tsoho ya ƙura wa ɗan tsohon yumɓun ido. Tafiyarsa ce, ba ko tantama. Kuma duk makonnin nan a gabansa aka yi, bai taɓa ganin abin nan ya yi taku ɗaya ba.

Ya dubi 'yarsa ya ce, “Duk tafiyar nan da ɗan turin nan naki aka yi ta?”

Ta ce, “Da shi kaɗai, Baba.”

Washegari da hantsi ya kira matarsa, yana kallon gefe don kunya, ya ce a duba masa bayan rumbu. Ba zan ce maka ya tashi da gudu ba. Faɗin yatsa ya fara ja, da nishi da gumi, kullum safe da yamma. Amma ranar da aka yi ruwan shuka, mutane suka gan shi tsaye a ƙofar zaure, dogare da sanda, yana yi wa masu tafiya gona faɗan sun makara.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.