Katin Baba

Wayar na yin ƙara ta fizge ta. Saƙon banki ne, an sayi biredi da madara da katin Baba. Ta sauke ajiyar zuciya, yau ma yana raye ke nan.

Tunda tsufa ya fara cin tunaninsa, Baba ya manta lambar sirrin katinsa, daga baya har sunan 'yarsa ya ɓace masa. Shi ya sa ta karɓo masa sabon katin nan da ba a zurawa, ba a danna komai, ɗora shi kawai ake yi a kan na'ura. Ta ba da lambar wayarta don saƙo ya riƙa zuwa mata. Ran nan ya fita shan iska, shiru kake ji.

Ita kuwa ga tsohon ciki, ga hawan jini. Likita ya ce ta kwanta a gida, ya ja mijinta gefe suka yi ƙus-ƙus. Mijin ne ke fita nema. Wata rana ya dawo da jar ƙasa a takalmi, ido jawur, ko abinci bai taɓa ba. Washegari saƙon farko ya shigo.

Daga nan kullum sai ya shigo, yau wannan kanti, gobe wancan. Ta kira mijin ta faɗa masa wurin, ya dawo ya ce ya tarar Baba ya tafi. Yayyenta kuwa sun ba ta haushi, ko ta kira su ba abin da suke cewa sai ta yi haƙuri.

Ma'aikaciyar banki ta ba ta shawarar toshe katin, tunda duk wanda ya tsince shi zai iya amfani da shi.

"In toshe ya ci me?" ta ce. "Wane ɓarawo ne zai tsaya a biredi?"

Ranar awo suka biya kantin magani. Mijin na neman wurin ajiye mota, ita kuma tsayuwa ta gagare ta, sai ta ɗauki walat ɗinsa ta shige. Ko buɗewa ba ta yi ba, ta ɗora shi ɗungurungum a kan na'urar.

Na'urar ta karɓa, wayarta ta yi ƙara. Katin Baba, a wannan kantin, yanzu-yanzu!

Ta juya tana kiran Baba, tana duba fuskokin mutane. Babu tsoho ko ɗaya. Sai mijinta a bakin ƙofa, ya kafa wa walat ɗin ido.

"Tun ranar da aka tsinci gawar Baba muka kai shi makwancinsa," ya ce. "Likita ne ya hana a faɗa miki sai kin sauka."