Kananzir ɗin Hashimu

Ƙarfe goma na safe bai cika ba Hashimu ya kashe injin, kamar kullum.

Tsohon injin jirgin soja ne. Wani ɗan kwangila ne ya gyara shi, ya ɗaure shi a wata rumfar kwano bayan gonakin shinkafar Bunkure, nesa da gari saboda ƙara. Ƙa'idar gwajin ita ce ya yi awa ɗari da hamsin yana aiki. In ya jure, a mayar da shi jikin jirgi, mutum mai rai ya tashi da shi sama. Hashimu aka bar wa kunnawa da rubuta awannin.

To, gogan naka awa biyu yake kunnawa, ya rubuta goma sha biyu. Man da ya rage kuwa, da yake ɗan'uwan kananzir ne, sai ya riƙa ɗura wa matan ƙauye a galan. Kai, wani mutumin ko kunyar Allah ba ya ji!

Ranar akwai baƙuwa a layi, da dogon hijabi, riƙe da galan ɗin Iya mai ƙosai. Khaulat ce, 'yar Iya da ke aiki a Kaduna, ta zo hutu. Ita kaɗai ce ba ta toshe kunne ba sa'ad da injin yake ruri. Da aka ɗura mata, ta shanshana bakin galan, ta daɗe tana kallon rumfar.

"Malam, awa nawa ya yi zuwa yau?"

Hashimu ya gyara hula, ganin budurwa ta kula shi. "A takarda ko a gaske, Hajiya? A takarda ɗari da arba'in. A gaske, ashirin da 'yan kai. Shekaranjiya ma tari ya dinga yi, mai yana yoyo, na naɗe wurin da tsumma."

"In ya mutu a sama fa?"

"Ni zan hau? Wanda zai tuƙa ya yi alwala kafin ya tashi." Ya bushe da dariya har da dukan cinya. Tir da hali irin wannan.

Khaulat ba ta yi dariya ba. Ta ciro waya, ta ɗauki hoton takardar da na tsumman.

"Hajiya, lafiya? Ko mijinki soja ne?"

"Ba ni da miji," ta ce. "Ni aka rubuta zan fara tashi da jirgin ranar Litinin."