Akuyar da ta hana ni lakol

Jikata ta nuna mini mutum-mutumi mai motsi da kansa a waya. Na ce mata Babana ya riga su.

Ina yarinya, alkawari ya yi mini: in nasa mutum-mutumin ya iya korar tsuntsaye daga geronmu a madadina, zan tafi lakol, makarantar boko. Da la'asar muka je gona a bayan garinmu Cadawa. Ya sa wa abin tsohuwar rigarsa mai warin taba, ya rataya gwangwanaye a hannuwan kara, ya ɗaura igiyarsu a wuyan akuyarmu. Akuya ta motsa, hannu ya ɗaga, tsuntsaye suka watse.

"Kin gani, 'yar nan? Ko Nasara bai yi wannan ba."

"Baba, akuyar me za ta ci?"

"Ke, rufe mini baki."

Yana cikin yabon kansa akuyar ta fizge abin, ta faɗa gero tana jan shi, tana karya kara tana cin zangarniya. Da Baba ya dawo yana haki, sai ya miƙo mini majajjawata.

"Ke dai ba ki cin gero ɗanye."

Sai da na aurar da 'ya na shiga lakol. Baba na yafe masa tuntuni. Akuyar ce ban yafe wa ba, ko da yake mun cinye ta da Sallah.