Wayar Dattijo

Muna tsallako iyaka daga Maraɗi, direba ya ce kowa ya kashe waya sai mun wuce Daddara. Haka ake yi yanzu, don infoma cikin fasinja yake zama, ya sanar da 'yan bindiga mota ta taso.

Duk muka kashe, ban da dattijon da ke gefena. Ya tura tasa ƙarƙashin cinya, yana ta leƙen daji, gumi na keto masa.

Na ce, "Baba, ba ka ji direba ba?"

Ya kau da kai.

Na dubi jaririn da ke cinyata, na ɗaga murya: "Direba, tsaya! Ga mai kiran su nan!"

Samari biyu suka danne shi, ni kuma na fizge wayar. Nan take ta fara ƙara a hannuna, baƙuwar lamba.

Na ce, "Kun gani ko?" Na danne ta har ta mutu.

Dattijon ya daina kokawa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce a hankali, "Ɗiyata tana hannunsu. Sun ce sau ɗaya za su kira."