Numfashin Tsoho a Kunnen Mai Sauti

Tabawa mai abinci ce ta fara ba ni wannan labari, ranar da ta zo aron turmi ta zauna ta kasa tashi. Ita ke dafa wa mutanen wani ɗan sitidiyo shinkafa da wake, irin wuraren nan da ake haɗa wasan kwaikwayo da tallan sabulu na rediyo da bidiyon biki. Ɗaki biyu ne a saman wani shago, an manna wa bango soso da kwalin ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Tana bakin ƙofa da kulolinta abin ya faru.

Akwai wani mutum a wurin, aikinsa ɗaukar sauti. Doguwar sanda yake ɗagawa bisa kawunan 'yan wasa, makirufo a bakinta, abin ji a kunnuwansa. Dokar wurin guda ce: da zarar darakta ya ce a fara, ko kunama ce ta harbe ka ba ka motsi, ba ka tari, sai ya ce "kat", wato a tsaya. Fanka ma kashe ta ake yi, a rufe tagogi. A farkon zuwansa mutumin nan ya taɓa yin atishawa ana tsakiyar ɗauka, darakta ya wanke shi tas a gaban jama'a, aka koma tun daga farko. Daga ranar ya koyi haɗiye tari. Shekara goma sha ɗaya yana haɗiyewa, har ana yi masa kirari da dutse, shi kuma yana jin daɗi.

To, rannan ana ɗaukar wasan wani uba da ke barin wasiyya a kan gadon ciwo. Wani tsohon ɗan wasa ne ya fito a uban, mutum mai barkwanci, mai fama da hawan jini. Yana kwanciya ya ce, "Ni fa na mutu ya fi sau arba'in a hannunku, ko likkafani ba wanda ya taɓa saya mini." Aka yi dariya, aka lulluɓe shi da bargo, ga fitilu a kansa, ga rana tsaka. Sau huɗu ana sakewa. Farko babur ne ya wuce da hon, sannan janareta ya yi tari, sau biyu kuma matar da ta fito a 'yarsa ce ta fashe da dariya. Darakta ya rantse duk wanda ya sake ɓata masa aiki ya kama hanyar gida.

A na biyar tsoho ya kai rabin maganarsa ya tsaya, ya dafe ƙirji. Darakta na kallon ɗan allon da ke nuna masa hoton, ido ya yi masa haske, ya kaɗa hannu a ci gaba. 'Yar tana ta kuka da man zafin da ta shafa a ƙasan ido. Kowa wasa yake gani. Mai sauti kaɗai ne ya ji. Ya san numfashin mutuwar ƙarya na tsohon nan kamar yadda ya san muryar uwarsa: dogo ne, da ɗan nishi a ƙarshe don 'yan kallo. Wannan kuwa gajere ne, yana kakari kamar ruwa a wuyan buta. Zuciyarsa ta ce masa yi ihu. Bakin ya ƙi buɗewa. Ya dubi darakta, darakta bai dube shi ba. Abin da ya sa Tabawa hawaye, har ni ma, shi ne hannuwansa: da kansu suka sassauto da sandar kusa da bakin tsohon, don sautin ya fita tas.

Sai da aka yi minti huɗu darakta ya ce kat, ya hau tafi. "Baba, yau ka gama da mu! Tashi ka sha ruwa." Baba bai tashi ba. Aka ciccibe shi ta matsattsiyar matakalar benen, aka tari keken a-daidaita-sahu, kafin a kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Kwana dai ya ƙare, wannan ba mai musu. Amma ranar sadakar uku mai sauti ya sami Tabawa tana wanke tukwane, ya durƙusa ya ce, "Inna, na ji fa. Tun numfashin farko na ji." Bai sake ɗaga sandar nan ba.

Ni ban ce mugu ne ba. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, sai a tsine masa a huta. Mutumin kirki ne da aka koya wa shiru, ya iya shi fiye da kima.

Washegarin ranar da Tabawa ta ba ni labarin, da safe na dama kunu, na yafa mayafi, na zaga gidan da ke bayan katangata. Akwai tsohuwa a ciki da nake jin tarinta kullum asuba, shekara biyu ke nan, har ya zame mini kamar carar zakara. Na tarar da ɗanta yana goge babur. Na ce masa, "Ɗan nan, ajiye tsumman nan ka kai uwarka asibiti, ina nan tsaye." Da gaskiyar Hausawa da suka ce sabo turken wawa.