Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Jikata ce ta fara ba ni labarin nan, tana matsa mini ƙafafuna da suka kumbura. Wata biyu ke nan da ta kama aiki a wata cibiyar bincike, ƙarƙashin wani Dakta mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

Bara Daktan nan ya tara tsofaffin mata ɗari uku ya ɗebi jininsu, wai zai gano ciwon ƙoda tun bai kwantar da mutum ba. Kowacce ya sallame ta da sabulu guda, wanda ko kumfar kirki ba ya yi, da ɗan kati mai lamba. A jikin kwalaben jinin ba a rubuta suna, lamba kawai, don a rufa wa mutane asiri. Nan kam ya kyauta.

Sunaye da adireshi suna cikin wani littafi mai baƙin bango, a hannun tsohon akawu. Dakta ya ce takarda kayan mutanen da ne. Ya sa aka kwafe su cikin kwamfutarsa, aka ƙone littafin, aka sallami akawu.

A kwamfutar ya tara fayil uku: "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske", da "wannan ne". Ranar da tsafta ta motsa masa, ya goge biyu. Boko har wuya, amma wanda ya bari sunan mata ashirin kacal ke ciki.

Sai ga sakamako ya fito. Mace ɗaya ƙodarta na gab da tsayawa. In ba a fara mata magani cikin watan nan ba, sai dai wani zancen. Dakta ya zazzage durowa, ya kira taro, ya kafa kwamitin shan shayi.

"Kaka, ko sunanta ba mu sani ba," in ji jikata. "Arba'in da bakwai kawai muke ce mata."

Na ce, "Ke da Daktan naki, ko allura aka ba ku ajiya sai ta ɓata. Matsa mini nan, 'yar nema."

Ni a aji uku na tsaya, amma ban taɓa yar da takarda ba. Washegari da safe na buɗe gwangwanin da nake ajiye zare, na ciro katina mai lamba arba'in da bakwai, na ce wa ɗana ya fito da mota.