Suna na Goma Sha Bakwai

"Dutsen tunawa dai an riga an sassaƙa sunayen a kansa, baiwar Allah," in ji jami'in ma'aikatar tsaro, yana tura mata takarda a teburin kwamitin shirya taron tunawa da sojoji. "Ki riƙe tsohon a gida ranar taron, shi ke nan."

Jerin sunayen sojojin da suka mutu a yaƙi ne, waɗanda za a karanta gaban minista. Na goma sha bakwai mahaifinta ne, wanda ta baro a tsakar gida yana masifa don shayinsa ya huce.

"Sau uku muna rubuto muku cewa yana raye!" in ji ta.

"Ke kin fi hatimin gwamnati sani ne?"

Dattawan unguwa suka sunkuyar da kai, domin an yi musu alkawarin kujerun gaba. Shugabansu ya ce, "'Yata, kada ki kunyata mu gaban baƙi."

"Kunya, Kawu? Ku da kuke gaisawa da gawa kullum safiya?"

Ranar taron ta goge masa tsohon kakinsa, ta turo shi a keken guragu har bayan 'yan jarida. Aka busa ƙaho, fili ya yi tsit. Jami'in ya fara kiran sunaye yana karya murya, kowane suna shiru ke amsa shi.

Ya kira na goma sha bakwai.

Tsohon ya dafa kafaɗarta, ya miƙe kan ƙafa ɗayar da yaƙi ya bar masa, ya ƙame, ya sara.

"Na'am! Ga ni!"